Gogen Kailu a Kan Kilabiye

Lahadi, 8 ga Oktoba, bayan la'asar

Yau kasuwar Filinge ta ci, ban je ba. Matata Ladi ta je, ta dawo da kwando kusan wayam, ta ajiye ta shiga ɗaki. Sai da na bi ta sannan ta ce an tafi da Kailu mai goge. Yana zaune inda ya saba, gefen ƴan dabbobi, mota marar lamba ta tsaya. Ta ce takalminsa ɗaya yana nan a ƙasa har ta baro kasuwa, kowa sai ya kewaye shi ya wuce.

Na ce me ya yi. Ta ce, "Malam, ni kaka tambaya?"

Gobe ina da ƴan ƙungiyar kiɗa a gidan matasa. Haske, ɗiyar Kailu, tana cikinsu.

Litinin, 9 ga Oktoba, da yamma

Ta zo. Ta zauna a bencin baya, ba wanda ya zauna kusa da ita. Yaran da jiya-jiya suke roƙonta ta duba musu aikin lissafi, yau duk sun matse a benci ɗaya kamar ana rabon abinci a can. Na yi kamar ban gani ba.

Kuran, wutar lantarki, ya zo na ɗan lokaci, na kunna ordinatar, kwamfutar gidan matasa. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, wuta ba ta da lokacin zuwa, batirin na'urar kuma ya mutu tun bara. In wuta ta ɗauke, allo ya yi baƙi nan take. Na nuna musu manhajar rubuta kiɗa kamar kullum: layuka biyar, ka ɗauki suri, ɗan ɓeran nan da ake jan kibiya da shi a allo, ka je sama ka zaɓi tsawon sauti, ka jawo shi ka ɗora a kan layi. Hannu ya ɗan motsa, do ta zama re, ka share, ka sake. Yara suna son abin saboda na'urar tana buga musu abin da suka rubuta. Kafin mu cika layi biyu wuta ta tafi.

Haske ba ta taɓa na'urar ba yau.

Laraba, 11 ga Oktoba, da azahar

Sule ya zo lakwal, makarantar da nake koyarwa, ya same ni. Aji ɗaya muka yi da shi, daga baya ya yi mana sirbeyan, mai kula da ɗalibai, yanzu shi ne shugaban kwamitin tarbar baƙi. Ya yi ƙiba a wata biyu. Manya za su zo daga Yamai ƙarshen wata, yana son fanfar, ƙungiyar masu busa ƙaho ta Tahiru, ta busa musu abin gida.

Ya kira sunana ya ce, "Albarka, kiɗan nan da Kailu ka yi ma masu yankan hatsi, shi nika so. Mutanen Tahiru ba su busa komi sai a takarda. Kai ad da na'ura."

Na ce kiɗan mutumin da aka tafi da shi?

Ya yi dariya har yana buga teburina. "Kiɗan ba shi da laihi. Bakin ne. Mu kau ba baki muka so ba."

Ya rage murya ya ce in baƙi suka ji daɗi, shi zai zauna kusa da babbansu wajen cin abinci, magana ɗaya ce a kunne, Kailu ya kwana gida. Yana son takardun kafin Larabar ƙarshe, don Tahiru ya samu kwanakin gwaji.

Ni kunnena bai riƙe kiɗan duka ba. Mutum ɗaya ya riƙe shi daga farko har ƙarshe, Haske, ita ce tun tana ƙarama take buga wa uban ƙwarya a tsakar gida.

Alhamis, 12 ga Oktoba, bayan la'asar

Na gaya mata. Ta kira ni yadda ƴan lakwal ke kiran malami, ta ce, "Mushe, shi yac ce haka da bakinai?" Na ce da bakinsa. Ta ce, "To mu hwara."

Mun fara da suri. Tana rera gaɓa, ina neman wurinta a layi, ina ɗorawa. Na kakaki daban, na babban ƙaho daban, na ganga daban. Da wuta ta ɗauke na duba abin da muka yi, na duba abin da ya rage. Da wannan tafiyar sai bayan an gama sussuka.

Na kwana da abin a rai. Akwai wata hanya, na san da ita tun ina Yamai wajen horo, ban taɓa koya wa yara ba don ina ganin ta fi ƙarfinsu.

Asabar, 14 ga Oktoba, da hantsi

Yau na ji daɗi, Allah ya gafarta mini, na ji daɗi ƙwarai.

Na aro babban kilabiye, allon maɓallan rubutu, wajen sakatariyar lakwal, mai lambobi a gefen dama, don a ƙaramin na na'urar sai ka danne wani maɓalli kafin lamba ta fito, ɓata lokaci ne. Na cire suri na kulle a aljihun tebur. Na ce, Haske, daga yau hannunki ba zai bar nan ba. Hagu na sautuka ne, dama na tsawonsu. C ita ce do, D re, E mi, har zuwa B. Biyar baƙa ce, bugu ɗaya. Shida fara, bugu biyu. Huɗu mai ƙugiya, rabin bugu. Sifiri shiru. Kullum tsawo ake fara faɗa wa na'ura, sannan sauti, in tsawon bai sauya ba kada ki sake taɓa lamba. In sautin ya faɗa ƙasa da inda kike so, ki danne Ctrl ki tura shi sama da kibiya. Bayan kowane layi, Ctrl da S, ki adana, don wutar nan ba ta sallama.

Ta ce, "To mi yas sa do ba ta zam D ba?" Na ce waɗanda suka ƙera abin ba su yi shawara da mu ba. Ta yi murmushi, na farko tun ran Lahadi.

Kafin azahar ta daina neman haruffa. Yarinyar nan da an haife ta wani wuri, da yanzu ana kiran sunanta.

Lahadi, 15 ga Oktoba, da yamma

Kuran bai zo ba.

Litinin, 16 ga Oktoba, da yamma

Bai zo ba. Na ba Haske kilabiyen ta tafi da shi gida a cikin zane. Na ce ki ɗora a cinya, ki rera, ki danna, ko ba wuta yatsu suna koyo. Yaran sun gan ta da ƙunshin, wani ya ce, "Haske za ta buga ma babanta waya." Suka fashe. Na kori mai maganar daga aji. Sauran sun bi shi da kansu, saura biyu, su ma na ga idonsu yana ƙofa.

Talata, 17 ga Oktoba, bayan azahar

Wuta ta zo tun da safe ta daɗe. Na bar ajina da aiki na aika aka kira ta. Na rufe mata hannu da hiramina don kada ta kalli maɓallai. Ba ta kalla ba. Tana rera a hanci, yatsu suna tafiya ƙarƙashin ƙyalle, baƙaƙen ɗigo suna zuba a allo kamar hatsi daga bakin buhu. Abin da muka yi wuni muna yi da suri, ta wuce shi kafin shayina ya huce.

Ta ce uwarta ta hana ta dannawa a ɗaki, wai ƙarar kamar ɓeraye a rumbu. Yanzu bayan gida take zama, kusa da turken awaki.

Na tambayi lafiyar uwar. Ta ce, "Tana dahwa tuwo na mutum ukku har yanzu."

Alhamis, 19 ga Oktoba, da la'asar

Mun yi faɗa.

Kiɗan yana da gaɓa guda da ke dawowa a kai a kai. Na nuna mata R. Ki haskaka gaɓar, ki danna R, na'ura ta sake rubuta ta daidai, sau nawa kike so. Na zaci za ta yi murna. Ta janye hannu.

"Baba bai yin ta iri guda."

Na ce ai ita ce dai.

"Ba ita ba ce, Mushe. Ta hwarko shina kiran masu yanka su duƙa. Ta biyu shina ja ta, don sun hwara gajiya. In yag ga wani ya tsaya shina riƙe da kwankwaso, sai shi karkata ta shi zolaye shi, kowa shi gane da wa aka yi. Kowace da tata."

Ta rera mini su ɗaya bayan ɗaya. Gaskiyarta. Akwai ma inda sautin ke faɗawa tsakanin mi da fa, inda na'urar ba ta da gida. Na saurara, gashin jikina ya tashi, sannan na ce mata ba mu da lokaci. Na ce mutanen Tahiru ba za su iya wannan ba ko mun rubuta. Na ce kiɗan kike so ko uban? Da bakina na faɗi haka, ga yarinyar da ba ta cika sha takwas ba.

Ta kalli allo. Ta danna R. Ta sake dannawa. Shafi ya cika.

Ta yi sauri yau.

Juma'a, 20 ga Oktoba, bayan masallaci

Manzo direba ya tare ni a bakin masallaci. Shi ke jigila tsakanin nan da Yamai. Ya ja ni gefe yana kallon takalminsa. Ya ce akwai wani buhu da aka ba shi tun wancan mako, aka ce ya ajiye a rumfarsa ta tasha, kada ya kai inda aka nufa sai an ce masa. Ya ce akwai abu mai dogon wuya a ciki.

Na ce, Manzo, kai direba ne, buhu nawa ke ratsa hannunka a wuni.

Ya ce, "Hakanan ne, Mushe." Bai tafi ba. Ni na tafi.

Asabar, 21 ga Oktoba, da safe

Ban ci tuwon jiya ba. Ladi ta ce zazzaɓi ne. Zazzaɓi ne.

Asabar, bayan la'asar

Na je wurin Sule. Yana ƙarƙashin rumfa ana auna masa sabuwar riga. Na ce ina jin maganganu a tasha. Bai ko juyo ba, hannuwansa a buɗe tela yana zagaya shi.

"Kai da ilminka, maganar ƴan tasha? Jiya ma an ce da ni Kailu ya ci shinkahwa da miya. Ka gama min takardu. Ko in aiko a ɗauke na'urar, a ga mi ad cikinta? Ka san yanzu ana son sanin abin da malamai ka koya ma ɗiyan mutane."

Ya ce wa tela ya ƙara faɗin hannu.

Ya ci shinkafa da miya. Mutum ba ya ƙirƙiro har da miya. Na riƙe wannan.

Lahadi, 22 ga Oktoba, da yamma

Kuran bai zo ba. An ce wani mai sayar da goro ya shimfiɗa tabarmarsa a wurin zaman Kailu.

Litinin, 23 ga Oktoba, bayan azahar

Wuta ta zo, ta tafi, ta zo. Sau ɗaya ta ɗauke a tsakiyar layin babban ƙaho, na dafe kai. Haske ta ce, "Na aje, Mushe." Yatsanta yana kai wa Ctrl da S yanzu ba tare da ta sani ba, kamar ƙifta ido.

Muna jiran wuta ta dawo ta ce, in ubanta ya zo za ta zaunar da shi gaban na'urar ta buga masa. Zai zage mu, ta ce, zai ce wannan kiɗan jakai ne da suka ga kara. Tana dariya. Sannan ta ce in an gama bikin tana so mu sake rubuta shi a hankali, kowace gaɓa da tata, shi yana nan yana gyara mana.

Na ce in Allah ya so.

Na nuna mata yadda ake kwafe layin kakaki a sauke shi ƙasa gaba ɗaya ya zama na ƙaho. Ta kama nan da nan.

Laraba, 25 ga Oktoba, da la'asar

An gama. Ban yi tsammani ba, amma an gama, tun kafin azahar.

Sule ya zo da kansa. Na buga masa a na'ura, yana kaɗa kai yana taka ƙafa. Ya ce madalla. Sai ya sa yatsa a saman shafi, gefen dama, inda Haske ta rubuta sunan ubanta.

"Wanga suna ba ya zuwa gaban baƙi. Kuna so ku ɓata min aiki? Ɗiyata, sa nawa."

Ta dube ni. Na ce na ɗan lokaci ne, takarda ce kawai, kowa a ƙasarmu ta Kurfai ya san mai kiɗan.

Ta share, ta rubuta. Ya tsaya a kanta yana gyara mata, wai ta sa Elhaji a gaba. Da ta gama ya ce, "Kai, yarinyar ga da sauri. In komi ya lahwa ina neman sakatariya." Ya kwashi takardun ya naɗe su kamar tabarma ya soka a aljihu.

Juma'a, 27 ga Oktoba, da yamma

Ana jin mutanen Tahiru daga filin ƙwallo suna gwaji. Gaɓar nan, iri ɗaya, iri ɗaya, iri ɗaya. Ladi ta rufe taga.

Asabar, 28 ga Oktoba, bayan la'asar

Baƙi sun zo da rana tsaka, an jera ƴan lakwal tun hantsi, yara biyu sun faɗi. Fanfar ta busa. Mai sanarwa ya ce sabon kiɗa ne na kishin ƙasa, wanda Elhaji Sule ya tsara. Babban baƙo ya tafa, kowa ya tafa. Ya ce a sake, aka sake. Tsofaffin da suka zo daga ƙauyen Damana suna bayana, na ji ɗaya ya ce, "Awa na san abin ga." Ɗayan ya ce, "Ba ka san shi ba. Yi kurum."

Haske tana can ƙarshen layi cikin rigar lakwal. Ba fanfar take kallo ba. Da aka shiga rumfar cin abinci ta matsa har bakin igiya, tana leƙen inda Sule ya zauna. Ya zauna kusa da babban, kamar yadda ya ce. Na ga ya kai baki kunnensa. Babban ya yi dariya. Ta juyo ta neme ni da ido cikin taro, ta ɗaga mini hannu.

Na ɗaga mata.

Lahadi, 29 ga Oktoba, da hantsi

Manzo ya kai buhun gidan Kailu.

Lahadi, bayan azahar

Ladi ta tafi gidan. Ni zan je in jikina ya yi sauƙi.

Talata, 31 ga Oktoba, da yamma

Na je zaman makokin Kailu da safe, na zauna a waje da maza, mutanen ba su da yawa. Ba a yi wanka ba, ba a je maƙabarta ba, don ba abin da za a kai. An yi addu'a a taƙaice. An jingina gogen da aka fito da shi daga buhun a bakin zaure, tsirkiyar ta tsinke, ƙwaryar ta fashe ta gefe. Kusa da shi takalmi ɗaya. Wani ya tuna da na kasuwa, aka aika, mai goro ya ce ya daɗe da jefarwa.

Manzo yana ta gaya wa kowa, ko ba a tambaye shi ba, cewa shi umarni aka ba shi. Sule ne ya ce ya riƙe buhun sai baƙi sun koma. Tun kafin a fara zancen fanfar yake rumfarsa. Yana faɗa yana kallona. Na kalli tabarma.

A hanyar dawowa rediyon mai shayi yana buga kiɗan.

Alhamis, 2 ga Nuwamba, da azahar

Sule ya aiko. Baƙi sun yaba, ana son wani kafin bikin Disamba. Ya ji Kailu yana da na masu kokowa. Ya ce a gaida yarinyar, a yi mata gaisuwa.

Asabar, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar

Ina gidan matasa ni kaɗai, ba yaron da ya zo. Wuta tana nan tun safe, yau da ba a bukatarta. Sai ga Haske da ƙunshin zane. Ta gaishe ni yadda ta saba, har da durƙuso. Ta kwance kilabiyen, ta jona da kanta, ta zauna.

Ta ce, "Mushe, Manzo ya ce ya hwaɗa maka. Ran Juma'a, bakin masallaci."

Na ce wani abu. Ban tuna me na ce ba.

Ta buɗe kiɗan. Ta ce, "Wane maɓalli ne ka haskaka duka baki ɗaya?" Na ce Ctrl da A. Na faɗa kafin in yi tunani, don tambayar ɗalibi ce, bakina ya saba. Shafukan suka yi shuɗi daga sama har ƙasa. Ta danna maɓallin sharewa.

Wannan manhajar ba ta barin fili. In ka cire sauti, sai ta cike gurbinsa da alamar shiru. Layin kakaki, na ƙaho, na ganga, duk suka koma ƴan sanduna baƙaƙe a rataye, layi bayan layi. Kan shafi kawai ya rage, da sunan da ke gefen dama.

Na ce, Haske, ana iya dawo da shi, Ctrl da Z, tun ba ki—

Ta danna Ctrl da S. Ta rufe, ta sake buɗewa.

Sannan ta sa na'urar ta buga. Sandar nan mai nuna inda aka kai ta fara tafiya a kan layukan. Muka zauna muna kallonta tana ratsa shafi, tana juyawa, tana ratsa wani. Ana jin awakin maƙwabta. Ba ta tsayar ba sai da ya kai ƙarshe.

Ta ce, "To ga na Elhaji Sule. In ya aiko, shi za ka ba shi."

Na ce sauran fa, waɗanda ba mu rubuta ba, na kokowa, na masu ɗaurin dami, ke kaɗai kika riƙe su. In kika bari sun tafi ke nan. Na ce ko a hankali ne, kowace gaɓa da tata, yadda kika ce.

Ta naɗe zanenta. Ta ce, "Na manta su, Mushe."

Ta bar kilabiyen a kan tebur, ta ce a mayar wa sakatariya, an gode.

Duk abin nan da ta yi, ko sau ɗaya ba ta kalli hannunta ba.